Hamdatu Mai Kitso da Ɓerayen Sauda

Ranar da na fita takaba, kaina ya zama abin kunya. Wata huɗu da kwana goma babu kitso babu mai, gashin ya cure ya dunƙule kamar soson wanke tukunya. Da a Katsina ne, da tuni 'yan uwa mata sun cika ɗaki. Amma a Harlem nake, hawa na huɗu a wani tsohon bene da ke titi na 118, kuma ba ni da mace tawa ko ɗaya a garin. Malam, mijina, direba ne a ofishin jakadanci, ciwon zuciya ya ɗauke shi a farkon shekarar 1989. Na ɗauko almakashi na ajiye kusa da ni, na ce in datse in huta. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Matar hawa na uku ce, wadda muke gaisawa a matakala kawai. Ta dubi kaina, ta dubi almakashin.

"Ei, Mma! Ajiye wannan abin. Ciyawa kike tsammani ta tsiro miki?"

Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe gwangwanin man kaɗanya, ta fara tsifa da yatsunta. Daga hantsi har la'asar, salla kawai ke tashinmu. Ba ta yanke ko sili ɗaya ba. Daga baya na ji ashe ranar Asabar ce ta bar kujerarta a shago babu kowa, ranar da masu kitso ba sa ko tsayawa cin abinci.

Sunanta Hamdatu. Haifaffiyar Zangon Kumasi ce a Gana, uwarta mai kitso, kakarta ma haka. Ta iso New York da mijinta Abdulai, wanda ke tuƙa tasi, suna da 'ya ɗaya tak, Sauda, wadda aka haifa a nan. Hausarsu ta Zango tana da nata lanƙwasa, ni dai zan rubuta maganarta yadda hannuna ya saba. Tana kitso a wani shago a titi na 125, inda baƙaƙen Amurka ke zama awa takwas a yi musu ƙananan kitso. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta sun lanƙwashe don aiki. Ba ta iya ganin gashi a hargitse ta yi shiru. Na taɓa ganinta a jirgin ƙasa ta miƙa hannu ta gyara wa 'yar wata baƙuwa kitson da ya warware, uwar yarinyar na hararar ta. A wurinta duk abin da ya sami gashi, maganinsa uku ne: sabulun salo, man kaɗanya, da mataji. Mace ce mai kirki, Allah ya sani. Kuma ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinta ba, ni da na zauna da Malam shekara ashirin da shida.

Bayan rasuwar Malam na zauna ina rainon 'ya'yan matan da ke fita aiki. Sauda ma a wurina take jiran uwarta idan ta taso daga makaranta. In yi mata Hausa, ta amsa da Turanci, muna fahimtar juna. Da ta kai shekara goma sha biyu, uban ya fara jin tsoro. Unguwar a lokacin ba ta da daɗi, 'yan ƙwaya a bakin ƙofa, wata rana ma an yi harbi a kusurwar titinmu da rana tsaka. Sai kuma ga yarinya ta fara amsa masa magana hannu a ƙugu. Ya yanke cewa za a kai ta Kumasi wurin kakarta ta yi karatu ta koyi tarbiyya, kamar yadda da yawa daga cikin mutanenmu ke yi. Hamdatu ba ta so, amma ba ta ce a'a ba.

Don a lallashi yarinyar ne Abdulai ya sayo mata wasu ƙananan dabbobi biyu a shagon dabbobi, wata guda kafin tafiyar. Hamsta ake ce musu. Kamar ɓera ne, amma babu wutsiya sai ɗan guntu, jiki a dunƙule, kumatu kamar aljihu, yana cusa abinci a ciki har fuskarsa ta fi jikinsa faɗi. 'Yan uwan juna ne ciki ɗaya, maza biyu, ɗaya ja ɗaya fari, a keji ɗaya mai 'yar taya da suke gudu a cikinta. Sauda ta sa musu sunayen da harshena bai iya ɗauka ba. Hamdatu ta so ta kira su Hasan da Husaini, na ce ta ji tsoron Allah. Sai suka zama Jatau da Bature.

Ina tsaye a matakala ranar da za su filin jirgi, ƙarshen watan Agusta na 1993. Sauda ba ta yi kuka ba. Ta ƙi kallon uwarta har aka fitar da akwatuna. Sai ta juyo ta yi magana, da Hausa, karo na farko da na ji ta yi doguwar Hausa:

"Ni kun raba ni da ku. Su kada ku raba su."

Hamdatu ta ce, "Wallahi tallahi ba zan raba su ba. Za ki dawo ki same su tare."



Waya zuwa Kumasi a zamanin nan wahala ce, sai an aika a kira mutum zuwa wani shago. Kaset ake aikawa da hotuna ta hannun matafiya. Kaset ɗin Sauda na farko ya zo a watan Oktoba. Ta gaida ubanta da muryar wadda aka tsaya a kanta. Uwarta kuwa ba ta ce mata komai ba sai, "Yaya Jatau da Bature? A aiko mini hotonsu." Hamdatu ta saurari wannan wuri ya fi sau ashirin. Ta gane ƙofa ɗaya ce 'yarta ta bar mata a buɗe. Daga nan duk wata sai an ɗauki hoto, su biyu kusa da juna, kuma sai sun yi kyau.

Da yake tana fita tun safe ba ta dawowa da wuri, ta ba ni makulli in riƙa zuba musu abinci bayan la'asar, lokacin da suke fara farkawa. Ni ba mai son ɓera ba ce. Amma wanda aka ɗaure dabba a hannunsa za a tambaye shi, don haka nakan zauna in dube su. Da farko a dunƙule suke kwana wuri ɗaya. Da suka girma, kowa ya ja dusar katakonsa zuwa kusurwarsa. Jatau ya fara kwashe abincin duka a kumatu. In Bature ya hau taya, sai ya zo ya ture shi.

Sai wata Litinin Hamdatu ta kira ni a firgice. Ta ga wani baƙin tabo a kwiɓin Bature, gashin wurin ya yi laushi ya kwanta.

"Makero ne, Mma. Na san makero in na gan shi. Yara nawa na warkar a Kumasi?"

Na ce, "Maman Sauda, juya shi ki gani. Akwai irinsa a ɗaya ɓangaren, daidai wurin. Jatau ma yana da su, jan gashi ne ya ɓoye. Makero ba ya auna wuri haka. Da shi suke goga jikin keji, na gani. Ina jin halittarsu ce."

"Halitta? Halitta ce ta ce gashi ya zube?"

Ta ɗumama ruwa, ta wanke shi da sabulun salo a kwanon miya, yana ta tsuwa, ta tsane shi da tawul, ta mulke shi da man kaɗanya, ta taje shi da buroshin haƙori. Ya yi ƙyalli na awa ɗaya, aka ɗauki hoto. Washegari gashin ya manne ya zama tsinke-tsinke, dusar katako ta liƙe masa, ana hango jar fatarsa. Da na shigo bayan la'asar sai na ga Jatau ya matso ya shinshina shi, ya ja da baya, ya sake shinshinawa. Sai ya afka masa. Suka dunƙule suna birgima kamar ƙwallo ɗaya, ana jin ƙara kamar ana murza ƙofa mai tsatsa. Da ludayi na raba su.

Na lura da abin har sau uku kafin in yi magana, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Wanka Litinin, ranar da shago ba ciniki. Babban faɗa Talata. Na ce mata, "Da hanci suke gane juna. Kin wanke masa warinsa kin shafa masa na kaɗanya, ɗan uwansa yana ganin baƙo ne ya shigo masa ɗaki."

"To sai in wanke su duka biyun, su zama wari ɗaya."

Ta kuwa yi. Talatar nan baƙi biyu suka kwana a keji ɗaya, kunnen Bature ya tsage.

Wata mai zuwa kitso wurinta, malamar makaranta, ta gaya mata cewa irin waɗannan in sun girma ba sa zama biyu, kowa da kejinsa, in ba haka ba ɗaya zai kashe ɗaya. Hamdatu ta dawo tana tsaki. "Mutanen da ke kai uwarsu gidan tsofaffi su za su koya mini zaman 'yan uwa? A gidanmu na Zango mu goma sha ɗaya ne a ɗaki ɗaya, kullum faɗa, wa ya mutu?" Sai ta ɗauki hanyar da ake bi da yara a gida. Ta cire kwano ɗaya ta bar ɗaya, wai masu ci a kwano ɗaya ba sa riƙe juna. Ta cire ɗan akwatin da Bature ke ɓuya, wai ɓuya ke ƙara gaba. Takan tsuguna gaban kejin ta yi wa Jatau faɗa: "Kai, ɗan banza mai jan kai, ƙaninka ne fa! Nono ɗaya kuka sha!" Shi kuwa yana zaune yana cusa masara a kumatu.

Abdulai in ya shigo sai ya yi dariya. "Mma, kin ga sarkin Zango na shari'a? Ɓera ne fa. A benen nan akwai dubu kyauta, in wannan ya mutu in kamo wani mu shafa masa hoda."

Ni abin ya daina ba ni dariya. Bature ya rame, bayansa duk ɓawon ciwo, gashin da ya rage ya yi dauɗa da mai. Duk ciwon da ta gani sai ta ƙara mai. Na ce mata, "Hamdatu, rantsuwa tana da mafita. Na tambayi liman ranar Juma'a. In mutum ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi shi ya yi kaffara. Ki ciyar da miskinai goma, in ba hali ki yi azumi uku. Barin dabba ana cin ta da rai ya fi karya rantsuwa nauyi."

Ta murza yatsunta.

"Na sani, Mma. Allah zai karɓi kaffara. Sauda ce ba za ta karɓa ba."

Na hau sama ina jin haushinta, ina jin tausayinta, haushin ya fi yawa.

A watan Janairu aka yi wani sanyi da tsofaffin garin ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Wata Talata na tarar da Bature kwance a kusurwa, jini a wuyansa. Ban yi shawara da kowa ba, na naɗe shi a gefen mayafina na hau da shi, na sa shi a babbar roba kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki. Da ta dawo ta hau har ɗakina ko rigar sanyi ba ta cire ba. Ba ta ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa yi ba.

"Mma, amana na ba ki makulli."

"Amanar nake riƙewa."

"Ni na yi rantsuwar, ba ke ba."

Ta ɗauke shi ta sauka. Na zare makullin daga zaren wuyana na ajiye mata a kan matakala. Kwana tara ba mu yi magana ba sai sallama. Ina jin ƙarar faɗansu ta cikin bututun ɗumama ɗaki, ina jan carbi ina ɓata lissafi. Na yi istigfari a kwanakin nan kan abubuwan da na faɗa mata a zuciyata.

Ranar ta goma da safe, ina shirin karɓar yaran raino, ta ƙwanƙwasa. Kwalin takalmi ne a hannunta. Bature na ciki, idonsa na hagu ya tafi, wurin ya kumbura ya rufe. Ban ce "na gaya miki" ba, ko da yake maganar ta zo har bakina. Ta ajiye kwalin, ta ciro gwangwanin man kaɗanya daga aljihu.

Na ce, "Shi zai shigo, wannan ba zai shigo ba."

Ta dube ni, ta mayar da shi aljihu.

Ina da wani gwangwanin madara cike da yashi mai laushi, na bakin gulbi, wanda Malam ya zo mini da shi daga gida a tafiyarsa ta ƙarshe. Saboda taimama ne, don in sanyi ya yi tsanani hannuwana kan tsage har su yi jini, ruwa ba ya taɓuwa. Tun tuni na lura Bature na neman busasshen wuri ya yi birgima, irin yadda kaji da kurege ke yi a gida. Na daɗe ina juya abin a raina. Yashin nan ba ya sayuwa a Harlem, kuma in dabba ta shiga shi ya tashi daga na ibada. Da ciwon ya fara kamewa, na zuba rabi a faranti na sa masa. Ya shinshina, ya tona da hannuwa, sai ya kife a bayansa yana murɗawa, yashi na tashi. Ya tashi ya girgije ya sake. Cikin mako guda man ya fita. Cikin wata ɗaya da rabi gashi ya rufe bayansa, fari tas, a tsaye, mai laushi kamar audugar da aka shiɓa. Tabon kwiɓinsa na nan inda Allah ya ajiye shi. Jatau ma, da ta daina wanke shi don ba ta da zuciyar yi, ya yi ƙiba ya yi sheƙi shi kaɗai a kejinsa.

Hamdatu ta hau ta gani. Ta shafa bayansa da yatsa ɗaya.

"Ƙasa," ta ce. "Shekara talatin ina gyaran gashi. Ƙasa."

Ta yi azuminta uku, ta kuma dafa wake da shinkafa tukunya guda ta kai masallaci, wai ba ta san wanne ya hau kanta ba. Amma wata biyu ba a aika hoto ba, kuma kaset ya zo daga Kumasi mai tambaya ɗaya. Abdulai ya ce abin ai mai sauƙi ne: a haɗa su na minti ɗaya, a juya Bature ta ɓangaren ido mai kyau, a ɗauka, wa zai sani? Na ga kamar tana auna maganar, raina ya ɓaci, na ce a zuciyata in ta yarda na gama da ita.

Dabbobin nan ba su da tsawon rai, duk biyun sun mutu da tsufa a shekarar da ta biyo baya, kowa a ɗakinsa. Sauda ta dawo a 1998, ta fi uwarta tsawo, yanzu ita ke riƙe mata gashin ƙari a shago ranar Asabar, suna gardama da harshe biyu. Sun koma Bronx, nakan gan su da salla. Amma a wancan watan Maris ba wanda ya san haka zai kasance. Abin da muka sani kawai, yarinya ta roƙi abu ɗaya an rantse mata, kuma an karya.

Ranar Litinin da hantsi Hamdatu ta hau da rikodarta a hannu da sabon kaset ko ledarsa ba a cire ba. Ta zauna a ƙasa, daidai wurin da ta taɓa zaunar da ni. Ta ce ta gwada sau huɗu, da ta danna sai muryarta ta ƙi fita.

"Mma, ke za ki gaya mata. Ta san ba kya ƙarya, ko a kan alewa ba ki taɓa yi mata ba. Ki faɗa mata duka, da wankan, da man, da idon. Kada ki gyara ni. Ki ce kin gaya mini tun farko na ƙi ji." Ta ɓare ledar da haƙori, ta sa kaset ɗin, ta turo rikodar gabana. "Abu ɗaya kawai nake roƙo. In kin zo wurin rabuwar, kada ki ce ke kika ɗauke shi. Ki ce ni na hau da shi da ƙafata, don ina so ya rayu. Ki faɗi wannan a hankali, Mma, yadda za ta ji."